Ruwan Nono Babu Haihuwa

Wadda ta san ni a cikinku, don Allah ta yi kamar ba ta gane ni ba. Masu turo min saƙo kuna tambayar dalilin da ya sa na cire hotonmu ni da wanda zan aura daga kan wayata, yau za ku ji amsa. Abu ɗaya nake roƙo, ku bar ni in faɗe shi yadda ya faru, kada ku tsallaka ƙarshe ku yanke min hukunci. Wanda aka yanke min a 'yan kwanakin nan ma ya ishe ni.

Ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa ke kirana. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya. Abba ya rasu tun ina sakandare. Ina aiki a wani shagon tabarau da ke hawa na biyu a wani dogon gini, ni ke goge gilasai, in jera su, in gwada wa mutane a fuska, in ce musu ya yi musu kyau ko da bai yi ba. A nan na haɗu da Dogo. Mai haɗa wutar sola ne, ya hau rufin gininmu yana aiki tabaransa ya suɓuce ya faɗo ƙasa. Ya shigo da shi guntu biyu a hannu, yana ƙanƙance ido, ya ce, "Baiwar Allah, taimaka min, yanzu haka ban san ko ke kyakkyawa ce ko akasin haka ba." Da aka yi masa sabo ya saka, ya dube ni ya ce, "Kai, ashe asara nake ta yi." Tun daga ranar yake kirana 'Yar Gilashi. Magana ta kai ga manya, an san juna, an fara maganar lokaci.

Ana cikin haka cikin Yaya ya zo mata da matsala. Mijinta yana aiki a ƙasar waje, ita kaɗai ce a wani gari mai nisa, likita kuma ya ce ta kwanta, ko tsintsiya kada ta ɗaga. Umma gwiwa ta hana ta hawan bene, gidan Yaya kuwa a sama yake. Sai na ɗauki hutu a shago na tafi. Watanni na yi a can, ni ce girki, ni ce wanki, ni ce rakiya asibiti.

A can jikina ya fara canzawa. Al'adata dama ba ta da tsari, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Na ce gajiya ce. Na yi ƙiba, siket ɗina suka daina rufuwa. Kaina yana sarawa ta bayan ido. Wata safiya ina wanka na ga wani farin ruwa a ƙirjina. Na tsaya ina kallonsa kamar ba a jikina yake ba. Wallahi, 'yan uwa, ban taɓa sanin ɗa namiji ba. Dogo ko hannuna bai taɓa riƙewa ba sai ranar da zan faɗi a matakalar shago. To wa zan faɗa wa? Yaya tana kwance tana fama da kanta. Na linka tishu na cusa a rigar mama, na ja bakina na rufe.

Yaya ta haifi namiji, ƙato mai kumatu, muka sa masa Lukuti. Da ta ɗan ji ƙarfi muka tattaro muka dawo gidan Umma. Abin da ya fi ba ni tausayi, ita da ta haifa nata ruwan nonon bai zo sosai ba. Ta sa shi a ƙirji ya ja ya ja, ya saki ya tsala ihu, ita ma ta fashe da kuka. A hankali ta daina gwadawa, aka koma madarar gwangwani. Sai ta juya fuska bango ta ce, "Auta, ɗauke shi, ba ya so na." Ni kuwa da na ɗora shi a kafaɗa sai ya yi luf, ya cusa hanci a wuyana. Ƙamshin tsakiyar kansa kaɗai yana sa in ji wani abu ya narke a cikina. Kuma duk sanda ya yi kuka, ko ina kicin ne, sai in ji ƙirjina ya yi tsam, ya ɗaure, tishun ya jiƙe.

Ranar da Hajiya, mahaifiyar Dogo, ta ce za ta zo ganin jariri, tun safe Umma ta tashe mu. Aka cire ledar da ke kan kujerun falo, aka fito da kofunan gilashi masu bakin zinare da ba a taɓa su sai da babban baƙo, aka canza labule. Ni na sa doguwar riga ruwan toka mai santsi, wadda Dogo ya ce tana sa in yi kama da matar gwamna, na yafa siririn mayafi fari. Da na san abin da zai faru da baƙar riga zan sa, mai kauri.

Saƙon Dogo ya shigo ina shafa hoda.

"Sun taso. Kada ki ji tsoron Anti, bakinta ne kawai, zuciyarta fes."

"Ni tsoro? Ai ni ce zan ba ta tsoro."

"Haka nake son ji, 'Yar Gilashi. Ki turo min hoto."

Na tura. Ya turo zuciya har uku.

Anti ita ce babbar yayarsa, doguwa kamarsa, mai kallon mutum daga takalmi zuwa ɗankwali kafin ta amsa gaisuwa. Suka zauna, na durƙusa na gaishe su, na kawo lemo da biskit a faranti. Hajiya ta kama hannuna ta ce, "'Yata kin yi ƙiba, garin ya karɓe ki." Aka yi dariya. Aka kawo Lukuti aka miƙa mata. Yaya tana gefe a zaune kamar baƙuwa, idonta a kan kafet.

Yaron ya buɗe ido ya ga fuskar da bai sani ba, ya saki kuka. Hajiya ta jijjiga shi, ya ƙi. Ta miƙa wa Yaya, ya ƙara ƙarfin kukan kamar ana yanka shi. Ina tsaye da jug a hannu ina zuba wa Anti lemo, na ji abin nan ya taso, tsam, daga hammata zuwa gaba. A raina na ce, ya Allah, ba yanzu ba. Na ajiye jug ɗin na karɓe shi don ya yi shiru. Ya yi shiru kuwa nan take, ya juya kai yana laluben gaban rigata da baki.

Na sunkuya na duba. Tabo biyu ne a kan ruwan tokar nan, manya, suna faɗaɗa ina kallo.

Umma ce ta fara magana. "Lemo ne ya zubo mata. Auta, je ki canza riga."

Anti ta ɗaga kofinta ta kalli lemon, ruwan goro ne jawur, ta kalli rigata, ta ajiye kofin a hankali. Hajiya ta saki murmushin da bai kai ido ba ta ce, "Yaron ya saba da ƙanwar uwarsa sosai."

"Ita ke rainonsa," in ji Umma.

"Ai mun gani," in ji Anti.

Ba su ƙara minti goma ba suka tashi. Biskit ɗin ko ɗaya ba a taɓa ba.

Na zaci Umma za ta kira ni ɗaki ta titsiye ni. Ba ta yi ba. Ta kwashe kofunan da kanta, ta wanke, ta goge, ta mayar cikin kabad. Da na shigo kicin na ce, "Umma, wallahi ni ban san mene ne ba, tun a can ya fara," sai ta ɗaga min hannu ta ce, "Na san 'yar da na haifa. Je ki huta." Na ji sanyi har cikin ƙashina. Na ce ko duniya ta juya min baya, ina da uwa.

Dogo bai kira ba ranar. Washegari ma shiru. Ina ganinsa yana kan waya, kore shar a gefen sunansa, ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge. Ni ma na rubuta "Ina kwana" na goge.

A rana ta uku na roƙi mai shagonmu ta ba ni rabin yini, na tafi asibiti ni kaɗai. Likitar mata ce, 'yar dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci, firem ɗin ya karkace har hannuna yana ƙaiƙayin in gyara mata. Na buɗe mayafi na nuna mata. Ko gezau ba ta yi ba. Ta tambaye ni al'ada, ta tambaye ni ciwon kai, ta tambaya ko ina shan wani magani, ko gefen ganina yana duhu. Ta ce za a yi gwajin ciki, ka'ida ce, kada in ji haushi. Na ji haushin, amma na yi. Babu komai. Aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito ta tura ni hoton ƙwaƙwalwa, na kwanta cikin wata na'ura mai kama da rami tana ta ƙwanƙwasa a kunnena, ina hawaye ba damar in share.

Da na koma ta juyo min da kwamfutarta ta nuna wani ɗigo da bakin biro.

"Kin ga nan? A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke aika wa jiki saƙo ta cikin jini. Ɗaya daga cikin saƙonninta sunansa furolaktin, shi ke ce wa ƙirjin mace ta haihu, a haɗa nono. Ke wani ɗan tsiro ne ya fito a wurin, yana ta aika saƙon ba tare da an haihu ba. Jikinki ya ɗauka shayarwa kike yi, shi ya sa ya tsayar da al'ada."

"Tsiro? Likita, ciwon daji ne?"

"A'a. Irin wannan ba ya yaɗuwa, kuma naki ƙarami ne. Ƙwaya za ki riƙa sha. Yawancin mata nonon yana ƙafewa, al'ada ta dawo, su yi aure su haihu."

"Yawanci," na ce.

"Yawanci. Ba zan yi miki rantsuwa a kan abin da ke hannun Allah ba."

Na tambaye ta me ya sa sai yaron ya yi kuka abin yake zubowa. Ta ɗan yi murmushi. Ta ce wannan kuma wani saƙon ne daban, oksitosin. Shi ke matso nonon waje, kuma yana tashi idan mace ta ji kukan jariri ko ta rungume shi a jikinta. Yana cikin abin da ke ɗaure zuciyar uwa da ɗanta, har ma da mutum da wanda yake ƙauna. "Kina son yaron, kina ɗaukarsa kullum, ga nono a ajiye. Jikinki bai san ɗan yayarki ba ne."

Akwai tambayar da na daɗe ina ɓoye wa kaina, sai na ji ta fito. Na ce tun da abin nan ya fara, idan Dogo ya yi min maganar aure, irin maganar da ke sa budurwa ta rufe fuska, ba na jin komai. Ina son in gan shi, ina son hirarsa, amma wancan abin ya mutu. Ta ce yawan furolaktin yana kashe sha'awa, idan ya sauka tana iya dawowa. Na fito daga ofishinta da ledar magani ina tambayar kaina, to wanne ne nawa a cikin abin da nake ji? Son da nake wa Lukuti, na jini ne da ya rikice? Sanyin da nake ji game da Dogo, na tsiro ne ko na zuciyata?

Na yi wa Umma bayani a ɗakinta tana ninke kaya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya," ta ci gaba da ninki. Yaya kuwa ta rungume ni tana kuka tana cewa ita ta ja min, da ban je jinyarta ba da ba a samu bakin magana ba. A bakinta na fara jin abin da ake faɗa. Wai ba jinya na je ba, ɓoye ni aka yi. Wai Yaya ta yi shekaru ba haihuwa, mijinta ma ba ya ƙasar, ta ina ciki ya fito? Wai ni na haifi Lukuti aka ba ta don a rufa asiri, shi ya sa ba ta da nono, shi ya sa yaron ba ya yarda da ita. Matar da ke sayar da katin waya a bakin layinmu ma ta ji. Mijin Yaya ya zo hutu kafin cikin, kowa ya gan shi, amma wa zai tsaya lissafi alhali labarin ya fi daɗi a haka?

Na ɗauki hoton sakamakon na tura wa Dogo. Na rubuta, "Ka karanta, sannan ka zo mu yi magana. Ko ba ka aure ni ba ina da haƙƙin ka ji daga bakina."

Ya zo shago da yamma, lokacin da mai shagon ta fita. Rigar aikinsa ce a jikinsa, shuɗiya mai tambarin kamfani, duk ƙura, ga igiyar waya ta leƙo daga aljihu. Ya rame. Ya zauna a kujerar da muke gwada wa mutane gilashi, madubai sun kewaye shi ta ko'ina, duk inda na juya fuskarsa nake gani.

"Na karanta," ya ce. "Na ma bincika a waya. Akwai ciwon."

"Sai da ka bincika ka yarda akwai shi?"

"Auta, kada ki yi min haka. Kin san halin da nake ciki a gida? Hajiya ba ta cin abinci. Anti ta tara 'yan uwa a waya, kowa da abin da yake faɗa."

Auta ya ce. Ban san sanda 'Yar Gilashi ta mutu ba.

"Kai me ka ce musu?"

Ya cire tabaransa ya murza ido. "Na ce ban taɓa ganin wani abu a tare da ke ba."

"Shi ke nan abin da ka ce?"

"Me kike so in ce? Wata nawa ba kya gari. In na kira ki da bidiyo ki ce kin gaji, ki ce kanki na ciwo. Kin dawo kin canza, ko hira nake miki kamar da bango nake yi. Ni ma mutum ne, dole in yi tunani."

Na buɗe baki in gaya masa abin da likita ta ce game da wannan sanyin, kunya ta riƙe min harshe. Ta yaya budurwa za ta dubi saurayi ta ce masa sha'awarta ce ta mutu amma magani zai dawo da ita? Na ce kawai, "Ciwon ne."

"Komai ciwon ne," ya ce a hankali. Ba da gatse ya faɗa ba, da ma gatsen ne da ya fi min sauƙi.

Ya ce ya nuna wa Hajiya sakamakon. Anti ta ce takarda ai ko wa ya san wani a asibiti zai samu. Hajiya kuma ta ce, in ƙarya ne, yarinya ta haihu a waje. In gaskiya ne, tana da tsiro a kai kuma ba tabbas za ta haihu. Ta ce ya gaya mata wanne daga ciki yake so ta yi murna da shi.

Wata mata ta turo ƙofa da yaronta za a gyara masa firem. Na share fuska na ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, bismillah." Ina ɗaure ɗan ƙaramin dunƙulen ƙarfen da ke riƙe hannun tabarau, Dogo ya tashi ya fita. Ko sallama.

Na fara shan ƙwayar. Tana sa ni jiri da tashin zuciya, in na miƙe da sauri sai ɗakin ya juya. Gwaggo, ƙanwar Abba, ta zo ta same ni a banɗaki ina kakarin amai da safe. Ku yi tunanin yadda ta kalle ni. Ta wuce falo ta zauna ta cire mayafi, ta ce da Umma sunan ɗan'uwanta ne ake ja a ƙasa, ba za ta zuba ido ba.

"Abu na farko, a raba ta da yaron nan. Duk wanda ya shigo ya gan shi a kafaɗarta. Uwarsa ta tattara ta koma wurin dangin mijinta. Abu na biyu, mutanen nan duk abin da suka nema a yi musu. In wannan ya tafi da wannan labarin a bakinsa, wa zai zo? Ku gaya min, wa zai zo?"

"Gwaggo, Yaya ba ta da lafiya," na ce. "Ba ta iya barci, ba ta iya riƙe shi ya yi shiru. Likita ya kamata ta gani, ba..."

"Ke rufe min baki. Likita, likita. Mu da muka haihu ba likita muka yi hauka ne? Ke da ya kamata ki ɓuya a ɗaki, har kina da bakin tsara wa mutane."

Na kalli Umma. Tana kallon hannuwanta.

Jiya da hantsi ƙanin mijin Yaya ya zo da mota. Ni na haɗa jakar Lukuti. Na sa 'yan rigunansa masu maɓalli a ƙasa, na sa farin bargon da ba ya barci sai da shi, na wanke kwalaben madara na jera. Na nuna wa Yaya yadda yake so a riƙe shi, cikinsa a kan ƙirji, hannu ɗaya a ƙeya, ana ɗan bubbuga bayansa a hankali ba jijjiga ba. Ta gwada. Hannunta a sandare, idonta ya yi zuru-zuru.

"Auta, in ya ƙi ni fa a can? In na kasa?"

"Ba zai ƙi ki ba. Ki riƙa sa shi a jikinki, fata da fata, ko ba nono. Likita ta ce haka ma yana sa a shaƙu. Ke ce uwarsa, Yaya."

Na faɗa mata haka ina murmushi, alhali ji nake kamar ana zare min haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Da za su shiga mota ya farka, ya waiga ya gan ni a bakin get, ya miƙo hannu ya fara kuka. Gwaggo ta ja ni ciki ta tura ƙofar. Ina jin kukansa har motar ta karya kwana. Na shiga ɗakinmu, katifarsa tana nan da ɗan lotsawar da kansa ya yi. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa.

Ban san tsawon zaman da na yi ba wayata ta yi ƙara. Saƙon Dogo ne. Wata wawuyar murna ta taso min, na ce ya dawo hankalinsa.

"Muna ƙofar gidanku, ni da Anti."

Kafin in amsa wani saƙon ya shigo.

"Ta zo da wata ƙawarta, ungozoma ce a asibiti. Ta ce in ta duba ki za ta gane ko kin taɓa haihuwa ko ɗaukar ciki. Ba zai ɗau lokaci ba. In ta ce babu, wallahi zan tsaya miki a gaban kowa, har Hajiya."

Sai na uku.

"Ki taimake ni, Auta. Ni ma so nake in samu barci."

Na karanta har sau nawa ban sani ba. Na miƙe, jiri ya ɗebe ni, na dafa bango na fita falo. Ta taga na hango motar, Anti a gaba tana danna waya, wata mata a baya da jaka a cinya, shi kuma yana tsaye ya jingina da bayan motar, ya sunkuyar da kai. Umma tana zaune a kujerar Abba, Gwaggo a gefenta. Na durƙusa a gaban Umma na miƙa mata wayar.

"Umma, karanta ki ga abin da suka zo yi min. A gidan Abba. Ki fita ki kore su, Umma. Ki gaya musu kin san 'yar da kika haifa."

Ta karɓa, ta nisanta wayar daga idonta don ba ta sa tabarau ba, ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi. Gwaggo ta leƙa ta ce, "To ai shi ke nan, sauƙi ya zo." Ban ko kalle ta ba. Umma nake jira. Na san za ta tashi, da ciwon gwiwar da komai, ta yafa mayafi ta fita ta wanke su tas.

Ta ajiye wayar a hannun kujera. Ta daɗe tana kallon labule. Da ta juyo, idonta cike da hawaye, kuma a cikinsu na ga abin da ban gani ba duk kwanakin nan, ko na gani na ƙi yarda.

"Lukuti na yayarki ne, wannan na sani, na ga cikinta da idona tun kafin likita ya ce ta kwanta," ta ce, muryarta can ƙasa. "Amma Auta, na haihu, na ga masu haihuwa, na ga masu ɓari. Ban taɓa ganin nono ya zo wa macen da ciki bai taɓa shiga jikinta ba. Tun ranar nan ban runtsa ba."

"Umma, likita ta ce..."

"Na ji abin da likita ta ce."

Aka ƙwanƙwasa get. Gwaggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, ta nufi ƙofa. Umma ta sa bayan hannu ta share ido, ta kama hannun kujera ta tashi da ƙyar. Ba ta dube ni ba.

"Ki shiga ɗakina," ta ce. "Ya fi naku labule mai kauri."